Tukunyar Inna a Kife

"Ba zan cire ba, Inna."

Inna ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki da damin ganyen darbejiya a hannu, tururin ruwan zafi na tashi a bayanta daga makewayi. Ta karkata kai kamar wadda ruwa ya shiga kunnenta.

"Mi kika ce, Auta?"

"Na ce ba zan cire filastar nan ba. Ruwan ma ba zan shiga ba."

Ta dubi jaririyar da ke kwance a gefena, ta dubi cikina, sannan ta yi 'yar dariya. "Maganin barcin asibiti bai sake ki ba. Tashi, ruwa na hucewa."

Ban tashi ba.

Sunana Yasira, ina koyarwa a wata firamare a Yelwa. Ni ce autar Inna, kuma ni kaɗai ce a gidanmu na wuce sakandare. Mutanen garinmu, wani ƙauyen masunta a bakin ruwa cikin ƙasar Ngaski, suna cewa karatu ne ya sa mini taurin kai. Ba haka ba ne. Da abina aka haife ni, kuma kowa ya san wajen wadda na gado shi.

A garin ana kiran Inna Dudu mai wanka. Da wuya ka sami macen da ta haihu a nan ba ta bi ta hannunta ba. Ita ke tafasa ruwa a babbar tukunyarta ta ƙarfe, ta tsoma ganye, ta riƙa fyaɗa wa maijego safe da yamma har a yi arba'in. Tana yi tana waƙa, tana tsokanar mace da sunan mijinta, har mai kuka ta koma dariya. Mata kan ce wadda Dudu ta gasa ba ta sanin ciwon baya. Wadda ba a gasa ba kuwa, ɗanya ake ce mata, kuma an yarda sanyi zai zauna a jikinta har tsufa.

Tun cikina bai fito sosai ba Inna ta fara tara itacen wankana. A al'ada mijina Nura ne zai kawo shi, amma Inna ta hana shi. Ta ce itacen kasuwa hayaƙi ne kawai. Duk ranar da Baba zai tsallaka ruwa duba komarsa ta kamun kifi, sai ta shiga jirgin, ta zaɓo busasshen kirya da marke da hannunta. Kafin in zo gida goyon ciki, tulin ya kusa kai tsayin zana.

Sai haihuwa ta zo ba yadda muka shirya ba. Naƙuda ta yi tsawo, yarinya ta kwanta a gicciye. Aka sa ni a jirgin inji zuwa Yelwa, likita ya yi mini aiki ya ciro ta. Ranar da za a sallame ni, wata ma'aikaciyar jinya, Sista Talatu, doguwar mace mai dariya da ƙarfi, ta zauna a bakin gadona ta ɗora yatsa kusa da filastar da ke ƙasan cibiyata.

"Malama, wannan ba irin wadda kika sani ba ce. Akwai magani a jikinta mai kashe ƙwayoyin cuta, kuma yana aiki ne muddin tana manne. Kada ki ɗaga ta don leƙe. Kada ki jiƙa ta, kada a barbaɗa miki komai. In za ki taɓa kusa da wajen, wanke hannu da sabulu. In kika ji zazzaɓi, ko wari, ko zafin ya ƙaru, ko kika ga ta jiƙe daga ciki, ki dawo ko ana ruwa da iska. In ba haka ba, sai jajibirin suna, ni zan cire da hannuna."

Na ce na ji.

"Kowa haka take cewa," in ji ta. "Na san inda za ki. Tukunya za ki tarar a kan wuta."

Ba ta san cewa ba na bukatar a tsorata ni ba. Na riga na ga abin da idona. Ina sakandare aka yi wa yayata Zuwaira irin wannan aikin. Da ta dawo gida Inna ta warware bandejin, ta shiga yi mata wanka da ruwan tafki da ganye, tana barbaɗa garin sassaƙe a kan ɗinkin don ya bushe. Bai bushe ba. Ya kumbura, ya buɗe, ya fara zubar da mugunya. Ina hutu a lokacin, ni ke wanke zannuwanta, kuma har yau in na tuna sai in ji warin a hancina. Aka mayar da ita asibiti rai a hannun Allah. Ta rayu, amma sai da aka cire mahaifar. Ɗanta ɗaya tilo, suna zaune da mijinta a Shanga.

Inna na da nata bayanin. Ta ce asibiti ne suka riƙe Zuwaira aka makara da wanka, sanyi ya riga ya shiga. Da wannan ta rayu shekaru, kuma shi ya sa a kaina ta ƙudura ba za a makara ba. Tsoron da ya hana ni shiga ruwan, shi ne ya sa ta hura wutar tun da asuba. Mun ga abu ɗaya, kowa ta ɗauki darasinta daban.

Ranar da na ƙi wankan nan, muna cikin haka sai Gwaggo Binta, ƙanwar Baba, ta shigo da wasu mata maƙwabta 'yan barka. Ta ga Inna tsaye da ganye, ta gan ni zaune.

"Lahiya? Ruwa na ta ƙonewa, maijego na zaune kamar amarya?"

"Wai ba ta cire hilasta," in ji Inna.

Gwaggo ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ke 'yar boko, hilasta ta haife ki ko Dudu? Mu nan duk ta hannunta muka bi. Dube ni, haihuwa tara, har yau ni ka ɗaukar kwandon kihi daga bakin ruwa."

"Ke ba a yanka ki ba, Gwaggo."

"To Zuwaira fa? Ba yankan aka yi mata ba? Da an fara mata wanka da wuri..."

A nan bakina ya riga hankalina, ko kuma in ce hankalina ne ya gaji da shiru. Na ce, "Wankan ne ya ruɓar da ɗinkin Yaya Zuwaira. Ba sanyi ba ne. Ruwan ne, da ganyen, da garin da aka zuba mata."

 Wata daga cikin matan ta ce, "Subhanallahi." Inna ta ajiye damin ganyen a ƙasa a hankali, kamar abin da zai fashe, ta ɗauki jaririyar ta fita da ita yi mata nata wankan.

Daga ranar Inna ta daina yi mini magana, amma ba ta daina komai ba. Farfesun tarwaɗa mai citta da masoro yana zuwa da zafinsa. In yarinya ta yi kuka, kafin in yunƙura ta ɗauke ta. In zan tashi, sai in ji hannu a bayana yana tallafa ni, ba tare da an dube ni ba. Saƙonninta kuwa ta wajen jaririya suke biyowa.

"Ke baƙuwa, hwaɗa wa uwarki ta shanye romon nan duka. In ta ƙi, ke za ki kwana da yunwa."

Ni ma sai in amsa ta can. "Ki ce wa kakarki na gode, amma gishiri ya yi yawa."

"Ki ce mata bakinta ne ya yi yawa."

Kowace safiya kuma sai ta hura wuta a ƙarƙashin tukunyar. Ruwa ya tafasa, ta zauna a kan turmi tana kallon ƙofata. In rana ta ɗaga ban fito ba, ta kwashe ruwan ta yi wanki da shi. Ina kallon tulin itacen nan da ta sha wahalar tarawa yana raguwa a banza. Wannan ya fi ciwon ɗinkin yi mini zafi.

Ciwon ma ba wasa ba ne. Lokacin zafi ne, iskar tafki ba ta shigowa ɗakin sai ƙaurin bandar kifi. Gumi na bin jikina, gefen filastar na ƙaiƙayi kamar tururuwa ke yawo a ƙarƙashi. Nakan zauna a kan hannuwana don kada in sosa. In tari ya zo, sai in danna matashi a cikina in riƙe numfashi. Nakan wanke hannu, in goge jikina da tsumma mai tsabta, in kewaye wajen kamar mai kewaye gidan rina. Sau da yawa nakan sunkuya in shinshina, in taɓa goshina in ji ko zazzaɓi ya zo. Ban gaya wa kowa ba, amma tsoro nake ji. In wajen ya ruɓe duk da haka, ba ciwon kaɗai zan ɗauka ba, har da dariyar gari.

Garin kuwa bai jira ba. Ta bayan zana nake jin mata masu zuwa ɗiban ruwa.

"Ɗiyar mai wanka ce ɗanya."

"Mai gyaran koma, tasa a yage."

Har Nura ya kira ni daga Yelwa, inda yake gyaran injin jirgi. Maganar ta kai masa ta bakin direbobin jirage.

"Yasira, ko sau ɗaya ki bari a watsa miki, a huta da surutu."

"In ka gyara inji ka rufe shi, mai jirgi ya ce zai buɗe ya zuba masa yashi sau ɗaya don a huta da surutu, za ka bari?"

Ya yi dariya. "Ni dai ban ce komai ba. Ki gaida Inna."

Baba kuwa tsakiya ya tsaya. Da ya leƙo ganin jikarsa sai ya ce, "Duwatsu biyu a jirgi ɗaya, ni dai na iya iyo." Ya ajiye mini kifin karfasa mai rai a kwano ya koma bakin ruwa.

Wata rana da azahar barci ya ɗauke ni bayan na shayar da yarinya. Cikin barcin na ji ana jan zanena a hankali. Na buɗe ido na ga Gwaggo Binta durƙushe, ƙullin garin magani a cinyarta, farcenta ya fara neman bakin filastar. Kafin in yi ihu, wata murya ta riga ni daga ƙofa.

"Binta, ɗauke hannunki."

"Dudu, taimakonki nika yi. Kaɗan zan barbaɗa, ba ta ma sani ba."

"Na ce ɗauke. Ɗiyata ce. Ta ce a'a da idonta biyu, ba a mayar mata da shi 'i' tana barci. In ni ban cire ba, babu mahalukin da ka cirewa."

Gwaggo ta tashi tana kaɗe zane, tana cewa uwa da ɗiya duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Da ta fita, Inna ta zo ta tsaya a kaina. Ta dubi bakin filastar, ta ga bai ɗaga ba. Ta miƙa hannu za ta danna, sai ta tsaya, ta fita. Na ji ƙarar buta da sabulu. Ta dawo tana yarfe hannu, ta danna gefen da yatsa ɗaya.

"Haka matar asibitin ta ce a yi, ko?" Wannan ce magana ta farko da ta yi mini kai tsaye.

"Haka ta ce, Inna."

"Ba wai na yarda ba ne."

"Na sani."

"Juya mini bayanki. Kina warin awaki."

Ta kawo ruwa mai ɗumi a ƙwarya, ta tsoma tsumma ta matse shi sosai, ta shiga goge mini wuya da kafaɗu da gadon baya. Ta gasa mini ƙafafu da tafin hannu. Duk lokacin da ta zo kusa da ƙugu sai ta ja baya, tana gunaguni. "Wanga ba wanka ba ne, shafar kwano ce." Ni kuwa na kifa kaina a gwiwa, hawaye na zuba, don rabona da jin hannunta haka tun ina yarinya. Ta ji kafaɗata na rawa.

"Kuka kike, sarauniyar masu gardama?"

"Hayaƙi ne."

"Hayaƙin itacena bai sa hawaye. Kirya ce."

Jajibirin suna na shirya komawa Yelwa. Inna ta yafa mayafi ta goya jaririya. Ta ce za ta je ta ga ruɓar da idonta, don kada in dawo in yi mata ƙarya. A jirgi ta sa ni zama a tsakiya inda girgiza ba ta da yawa, ta yi wa direban faɗa tun kafin ya tayar da inji.

Sista Talatu ta gan mu ta washe baki. "Malama, ke da filastata kun dawo tare? Wannan ce Inna mai tukunya?"

"Ni ce," in ji Inna, ba dariya. "Buɗe mu gani."

Sista ta wanke hannu, ta sa safar hannu, ta fara ɗaga filastar daga gefe. Na rufe ido. Na ji iska ta taɓa wajen, na jira wari, ban ji ba.

"Buɗe idonki mana, matsoraciya," in ji Sista.

Siririn layi ne a bushe, bakinsa a haɗe, babu kumburi babu ruwa. Inna ta sunkuya har mayafinta na taɓa gadon. Ta daɗe tana kallo. Ta shinshina, kamar yadda take yi wa kifi a kasuwa. Na jira in ji daɗin da na yi ta tanadi, daɗin wadda ta yi gaskiya. Amma da na ga fuskarta sai daɗin ya ƙi zuwa.

Ta miƙe ta dubi Sista. "Ɗiyata, in tambaye ki. Macen da aka yi wa wanga aiki, aka kwance mata ɗauri, aka yi mata wanka da ruwan gulbi mai zahi, aka zuba mata garin itace a kai. Shi ka sa wuri ya ruɓe?"

Sista ta dube ni, ta dube ta. Dariyarta ta tafi. "Yakan sa, Inna. Ba zan rantse a kan wadda ban gani ba, don akwai wasu dalilan. Amma yakan sa, sosai."

"Ko an fara da wuri?"

"Da wurin ya fi muni."

Inna ta gyaɗa kai. Ta gyara goyonta, ta yi godiya, ta tambayi yaushe zan iya wanka. Sista ta ce yanzu zan iya, da ruwa mai tsabta mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, ban da dirza wajen, ban da fyaɗa masa ganye, a kuma tsane shi ya bushe. Inna ta maimaita maganar a hankali kamar mai hardar karatu.

A hanyar komawa ba ta yi wa direba faɗa ba. Ta zuba wa ruwa ido har muka iso. Da muka shiga gida ta wuce murhu kai tsaye, ta kwashe sauran ruwan, ta tura babbar tukunyar ta kife ta a gindin zana.

Washegari aka raɗa wa yarinya suna Hadiza, sunan Inna na yanka. Yaya Zuwaira ta zo daga Shanga da ɗanta. Gida ya cika, ana ta rabon tuwo da kifi, amma na nemi Inna a cikin mata ban gan ta ba. Na leƙa ɗakinta na same ta zaune a ƙasa, ƙafafun Yaya a cinyarta tana matsa su, ita da ba ta ko kiran sunan 'yar farinta saboda kunya. Yaya na cewa, "Inna, ki bari, ƙaddara ce, ni ban taɓa riƙe ki ba." Inna ta ci gaba da matsawa. Na ja labule na koma.

Ta yi mini wanka har na yi arba'in, da ruwa mai ɗumi a ƙaramar roba, tana gwada shi da gwiwar hannu kamar na jariri. Ni ce ta ƙarshe da ta yi wa wankan jego. Matar maƙwabcinmu ta haihu bayan wata biyu, haihuwa lafiya ba aiki, aka aiko kiran Inna. Na ce mata ta je, ta sassauta zafin ruwan kawai. Ta ce hannunta ya daina yarda da kansa. Sauran itacen kirya ta bayar aka yi bandar kifi da shi.

Yanzu Hadiza na gudu a tsakar gida, Inna na bin ta tana kiran ta takwara mai ƙafar sauro. In wata a garin aka yi mata aiki, Inna kan je ta zauna a bakin ƙofarta ta hana kowa taɓa filasta, har Gwaggo Binta na ce mata ɗan sandan asibiti. Muna dariya, muna faɗa, tana aiko mini busasshen kifi Yelwa. Ciwona ya warke, tabon da ƙyar ake ganinsa, kuma likita ya ce babu abin da zai hana ni sake haihuwa.

Da za a mayar da ni ɗakin nan, abin da na ce shi zan sake cewa. Amma ba kyauta na samu ba. Har yau matan garinmu ɗanya suke kira na, kuma suna cewa ni na raba su da mai wankansu. Wannan mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne Inna. Da tana da sana'ar da take alfahari da ita, da waƙarta, da zuciya mai sanyi a kan Zuwaira. Na tsira da cikina lafiya, ita kuma ta rasa duka ukun. Tukunyar na nan a kife a gindin zana, kaji na hawa kanta, kuma tun ranar ban sake jin Inna ta yi waƙar wanka ba.